Taki Biyu Baya

Ran Alhamis da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe firij a ma'ajiyar jini, ta ɗauko leda guda za ta kai wa wata mai haihuwa da jini ya ɓalle wa. Kwamfuta ta ce jinin lafiya lau. Allah ya sa ma'aikaciyar irin mutanen nan ce da ko gishiri ka ba su sai sun ɗanɗana. Ta juya ledar, ta ga ranar lalacewarsa ta wuce da kwana huɗu. Ta ajiye, ta ɗauko wata. Mai haihuwa ta rayu, ba ta ma san abin da ya tsallake ta ba. Amma kafin rana ta take, wayar mai kamfanin da ya rubuta musu manhajar ta yi zafi don kira.

Shi kuma ya kira Mai Sawu.

Sunan ya gada ne daga mahaifinsa, wanda ya yi shekara arba'in yana bin sawun dabbobin sata a ƙasa. Ɗan bai gaji ƙafar tsohon ba, don ko bene hawa biyu sai ya huta a tsakiya, amma ya gaji idonsa. Shi a cikin kwamfuta yake bin nasa sawun. Ofishin kamfanin yana saman wani shagon faci, ɗaki ɗaya mai tebura huɗu, da fanka mai kukan tsufa, da butar shayi a kan taga. Yana shiga ya lura teburi uku sun haɗa kai wuri guda, na huɗun kuwa an bar shi da mace ɗaya a zaune, hannuwanta a cinya, ba wanda yake kallon inda take.

Mai kamfani ya ja shi baranda.

"Ga yadda abin yake," in ji shi, yana share zufa. "Akwai kuskure a lissafin kwanan wata, ya daɗe a ciki ba mu sani ba. Ran Litinin aka gano. Na ce wa mutanen jini su riƙa duba kowace leda da ido har mu gyara. Ma'aikacina Dogo ya gyara, ya gama jiya Laraba da safe, na buga musu na ce an gama, su saki jiki. Da ƙarfe ɗaya da minti arba'in wani ya shiga rumbunmu ya zubar da gyaran. Da yamma manhajar ta tafi musu da tsohon kuskuren."

"Gyaran ya ɓata ke nan?"

"Mun mayar yau, akwai shi a kwamfutar Dogo. Ba gyara nake nema ba, suna nake nema. Shugaban ma'ajiyar ya ba ni zuwa ƙarfe huɗu, ko in kai masa mutum ɗaya ya miƙa wa 'yan sanda, ko ya miƙa mu duka." Ya nuna cikin ɗakin da haɓa. "Daga kwamfutar Uwar Biyu aka yi. Kuma kowa ya ji faɗan da suka yi da Dogo ran Talata."

"To tun da ka san mai laifi, Yallaɓai, me zan yi maka?"

Mai kamfani ya leƙa cikin ɗakin. Can ya ce, "Tagwaye gare ta, babu uba. Ina so in tabbata kafin in kai ta."

Mai Sawu ya duba agogo. Sha biyu da rabi.

* * *

Rumbun da ake magana ba wani abin al'ajabi ba ne. Duk wanda ya gama wani yanki na aiki sai ya zuba shi a kan na baya, zubi a kan zubi, kamar jerin bulo. Kowane zubi yana da doguwar lamba tasa da ɗan bayanin wanda ya yi shi. Na can sama shi ake kira kai. Kowane ma'aikaci yana da kwafin rumbun a kwamfutarsa, kuma kwafin ba ya sanin sabon abu sai mai shi ya sabunta shi daga babbar kwamfuta.

Mai Sawu ya zauna a kujerar Uwar Biyu, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya koma kan na jiya. Layi biyu ne kacal. Na farko ya ce a koma taki biyu baya daga kai, a zubar da abin da ke sama. Na biyu ya ce a tura wa babbar kwamfuta da ƙarfi. A ƙarshen layin farko akwai 'yan gajerun sanduna biyu a kwance, babu komai a bayansu.

Ya daɗe yana kallon sandunan nan. Aikinsu sananne ne: umarni yana da tsari, zaɓuɓɓuka a gaba, sunan zubi a tsakiya, sunayen fayil a ƙarshe, sandunan kuwa shinge ne da ke gaya wa na'ura inda sunan zubi ya ƙare. Idan babu fayil a baya, shingen ba dole ba ne. Wanda ya kafa shi a nan, hannunsa ne ya saba.

Ya ja allon sama, ya karanta umarnin matar na wata uku. Ko sau ɗaya ba ta kafa shingen banza ba. Ko sau ɗaya kuma ba ta kira zubi da ƙirgen taki ba. Kullum doguwar lambar take kwafowa, duk tsawonta.

* * *

A baranda ya yi magana da Uwar Biyu. Ba ta yi kuka ba, sai dai leɓenta ya bushe.

"Ƙanwata, ina kike da ɗaya da minti arba'in?"

"Ɗauko yara daga makaranta. Kullum ɗaya da rabi nake fita, biyu saura in dawo. Kowa ya sani."

"Kina kulle kwamfutar?"

Ta sunkuyar da kai. "Minti ashirin ne. Kuma nan kamar gida ne."

"Me ya haɗa ki da Dogo?"

"Ya ce gyaran zai yi shi kaɗai, ni da na gano matsalar in koma gefe. Na ce masa ba gonar ubansa ba ce. Na faɗa, ba na musu. Amma in zubar da gyaran jini saboda Dogo? Ni da aka ƙara wa leda uku ranar da na haifi yaran nan?"

"Me ya sa ba kya ƙirga taki?"

Ta ɗago, mamaki ya kama ta. "Tsoro nake ji. Kai yana motsawa, lamba ba ta motsawa. Dariya ma suke mini, wai ina ɗaukar tsani don in hau tabarma."

"Kuskuren da kika gano ran Litinin, aikin waye?"

Nan take fuskarta ta rufe. "Kuskure ne kawai."

"Ƙarfe huɗu za a kai ki wurin 'yan sanda."

"Na sani. Amma wannan ba shi da alaƙa da wancan."

Ya yi juyin duniya, ta ƙi. Haushi ya kama shi, don ba abin da ke ɓata masa rai kamar mutum yana nutsewa yana kuma riƙe da kayan wani a ka.

* * *

Mai Gilashi, wadda ke zana fuskar manhajar, ba ta bari ya gama tambaya ba.

"Ni fa ban ga komai ba, ina ƙasa ina cin abinci. Amma tsakani da Allah, wa ya rage? Dogo ya fita gyaran mota. Malam kuwa, babbanmu, jiya da rana ya dawo, kwana biyu yana asibiti da mahaifiyarsa, ko zama bai gama yi ba. Ba wai ina cewa ita ce ba."

"Amma kina cewa."

"Ni dai na faɗi abin da na sani."

"Wa ke sa sanduna biyu a ƙarshen umarni ko babu fayil?"

Ta kwashe da dariya, ta kama baki. "Dogo mana. Shingen Malam muke ce masa. Malam ne ya koya masa, shi kuma ya riƙe kamar wasiyya."

Ga hanya ta buɗe wa Mai Sawu: Dogo ya zubar da aikinsa da hannunsa, ya san yana da kwafi, ya shafa wa abokiyar faɗansa kashin kaji. Ya ga irin wannan fiye da sau ɗaya.

Dogo ya tarbe shi a tsaye, kansa na neman taɓa fanka.

"Ni? In zubar da aikin da na yi kwana biyu ina yi?"

"Kana da kwafi."

"Ina da hankali kuma! Je ka tambayi mai faci a ƙasa."

Mai Sawu ya sauka, yana la'antar matakalar. Mai faci ya ce jiya tun ɗaya saura Dogo yake tsugune a gabansa har biyu ta gota, yana koya masa sana'ar da ya shekara ashirin yana yi. "In ka ga dama ka tafi da shi," in ji mai faci, "amma ba shi ba ne, yana nan yana cin raina."

Hanyar ta mutu. Ƙarfe biyu da kwata.

* * *

Malam shi ne babba a ɗakin, dattijo mai furfura a gemu, shi ya koya wa duk sauran aiki. Da kansa ya zuba wa Mai Sawu shayi.

"Yaya jikin Mama?"

"Da sauƙi, an gode." Ya yi ajiyar zuciya. "Yarinyar nan ni na kawo ta. Ta zo da ciki wata bakwai, mijin ya rasu, babu wanda zai ɗauke ta. Na ce a ba ta teburi. Ban taɓa zaton ɓacin rai zai kai ta nan ba."

"An ce sandunan nan koyarwarka ce."

"Na koya wa kowa. Wanda ya ɗauka ya ɗauka." Ya kurɓi shayi, hannunsa ko rawa bai yi ba. "Mai son ɓad da sawu ai zai iya aron tafiyar wani."

Gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya dami Mai Sawu. Sanduna biyu ba hujja ba ce, kowa zai iya kwaikwaya. Ya koma kujerar Uwar Biyu ya zauna, ya jera zubi biyar na ƙarshe a takarda. Na ƙasa tsohon aiki ne na makon jiya. A kansa na Uwar Biyu na ran Litinin, wanda ya fallasa kuskuren. A kansa wani ɗan gyaran launi na Mai Gilashi, shi ma Litinin da yamma. Sai biyu na Dogo, Talata da Laraba. Ɓarawo ya kwashe biyun sama.

Abin da ya kasa shiga kansa shi ne amfanin. Wa zai ci riba da zubar da abin da za a mayar cikin minti biyar? Sai ya tuna wata safiya yana yaro, ya bi mahaifinsa wani garke da aka shiga. An tafi da wata tsohuwar akuya gurguwa, an bar tumaki masu ƙiba. Mutane suna ta zagin ɓarawon da wauta. Tsohon ya tsuguna ya ce a tambayi mai garken, wace dabba ce take kwana a wannan turken kafin jiya. Ashe ranar aka sauya wa babban rago wuri. Ɓarawon turke ya sani, bai san an yi canji ba, kuma wanda ya san turken bai wuce mutum biyu ba.

Mai Sawu ya dubi takardarsa. Ya sa yatsa ya rufe biyun Dogo, kamar ba a taɓa zuba su ba. Kai ya zama gyaran launi. Ya ƙirga taki biyu baya. Launi ya tafi, zubin Uwar Biyu na Litinin ya tafi, yatsansa ya sauka daidai kan aikin makon jiya.

Ya buɗe tarihin layin da kuskuren yake, ya bi shi baya wata takwas, ya ga wanda ya rubuta. Bai ji daɗin abin da ya gani ba ko kaɗan. Uku da minti goma.

* * *

Ya sa aka jawo kujeru tsakiyar ɗaki, kowa da kwamfutarsa a cinya. Mai kamfani ya tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu.

"Abu ɗaya nake so," in ji Mai Sawu. "Kada kowa ya sabunta komai. Kowa ya buɗe inda kwamfutarsa ke rubuta ranar da kwafinsa ya karɓi sabon zubi, ya karanta mana na wannan makon. Dogo."

"Litinin, Talata, Laraba da safe."

"Mai Gilashi."

"Kullum da safe nake yi. Ga shi, har jiya."

"Uwar Biyu."

"Jiya sha ɗaya."

"Malam."

Malam ya gyara zama. "Ni ai ba na nan."

"Na sani. Karanta mana dai."

"Litinin, biyar da kwata."

"Bayan nan fa?"

"Babu."

Fanka ta ci gaba da kukanta. Mai Sawu ya ɗaga takardarsa yadda kowa zai gani.

"Wanda ya zauna a kujerar baiwar Allah nan bai zo don aikin Dogo ba. Bai ma san da shi ba. Ya zo ne don zubin Litinin, wanda ya tono kuskuren. Ya buɗe kwafinsa, ya ƙirga, ya ga taki biyu ne zai shafe shi. Bai so babbar kwamfuta ta rubuta sunansa, sai ya jira mai teburin nan ta tafi ɗauko 'ya'yanta. Ya rubuta taki biyun da ya ƙirgo a can. Amma a nan kai ya riga ya hau sama da zubi biyu. Takin ya sauka a wani wuri, ya kwashe maganin ya bar abin da ya zo ɓoyewa. Yana sauri, bai tsaya dubawa ba, ya tura." Ya ajiye takardar. "A duk ɗakin nan kwafi ɗaya ne taki biyu ke kaiwa inda ake so. Kuma layin da kuskuren yake, wata takwas da suka wuce, mai wannan kwafin ne ya rubuta shi."

Dogo ya miƙe zumbur. "Ƙarya ne! Malam ne fa ya koya mana a sabunta kafin a ƙirga. Kullum sai ya faɗa!"

"Zauna," in ji Malam a hankali. Bai kalli kowa ba. Ya rufe kwamfutarsa, ya ɗora tafukansa a kai. "Shekara talatin ina faɗa. Ranar da ta zama tawa, na manta."

Makullin ya suɓuce wa mai kamfani ya faɗi ƙasa. "Malam? Kai?"

"Ran Litinin ina shirin fita ta ce mini, Malam, na gano inda kuskuren ya fito, na rubuta a zubin yau. Na ga kan bayanin, ban iya buɗe sauran ba. Kwana biyu ina zaune gefen gadon tsohuwa, ba abin da nake gani sai sunana a rubuce, da ledojin jinin wata takwas. Na ce in na shafe, in na gyara da kaina a hankali, ba wanda zai bi baya. Ban yi niyyar taɓa gyaran ba, wallahi ban san an yi ba."

"Wannan na yarda," in ji Mai Sawu, kuma ransa a ɓace yake. "Amma yau tun safe ka sani. Ka zuba mini shayi, ka ce ɓacin rai ne ya kai ta."

Malam ya ƙura wa murfin kwamfutarsa ido.

Uwar Biyu ce ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, ba ka karanta bayanin ba?"

Ya girgiza kai.

Ta buɗe kwamfutarta, ta nemo zubin Litinin, ta taso ta ajiye masa a cinya. "Karanta. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta kan bayanin, wanda ya riga ya sani: an gano asalin kuskuren kwanan wata. Sai ya gangara ƙasa. "Lissafin yana tsallake kwanaki idan wata ya ƙare a tsakiyar ajiya. Kuskure ne da kowannenmu zai iya yi, kuma dukanmu mun duba layin a lokacin ba mu gani ba. Ba na mutum ɗaya ba ne."

Ya tsaya. Ya sake gangarawa, yana neman sauran. Babu saura. Babu suna, babu lambar tsohon zubin.

"Na ga sunanka tun ran Litinin," in ji ta. "Mutumin nan ya tambaye ni ɗazu, ya ce za a kai ni wurin 'yan sanda, ban faɗa ba. Cewa na yi Malam ba zai taɓa yi mini haka ba."

Mai Gilashi, da bakinta bai taɓa hutawa ba, ta dubi ƙasa. Mai kamfani ya duƙa ya ɗauki makullinsa, ya dubi agogo, huɗu saura kwata. Ya buɗe ƙofa ya riƙe wa Malam. Malam ya cire tabarau, ya miƙe kamar wanda aka ɗora wa buhu, ya miƙa mata kwamfutarta da hannu biyu. Ta karɓa ba ta dube shi ba.

Mai Sawu ya tsaya a baranda har motar mai kamfani ta fita da Malam a ciki. Ya gano sawu, amma bai ji daɗin da yake ji ba in ya gano. Da ya leƙo ɗaukar jakarsa, ya ga Uwar Biyu ta koma teburinta. Dogo ya kawo mata shayi ya ajiye, ya koma. Ta ɗauki jaka za ta sauka wurin yaranta da ta bari a shagon mai faci tun rana. Ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya, ta dawo. Ta sunkuya kan madannai, ta kulle kwamfutar, ta jira har allon ya yi baƙi, sannan ta fita.